Minti Arba'in da Biyar na Tsohon Soja

Lahadi, 6 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan gwiwar nan ta daina tashin ki da asuba. Ki gaishe mini da Auta da mijinta. Mu nan lafiya lau. Uwar yara ta ce in gaishe ki har ƙasa, tarin da ya dame ta ya tafi. Babbar jikarki ta shiga aji uku, ƙaramin kuwa haƙoransa biyu sun zube, in yana magana sai ki ce buta ce ke yoyo.

Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ihu kina "me ka ce?" har maƙwabta suka gama jin sirrinmu. Ni ma dama bakina bai kai alƙalamina ba.

Watan jiya na cika shekara shida a asibitin nan. Ban manta ba, lokacin da kantin da nake yi wa aiki ya rufe, takardar da kika rubuto wa Likita ce ta buɗe mini ƙofa, don ita mai asibitin ta ce ke kika riƙe mata hannu a ɗakin tiyata tana sabuwar likita. Duk lomar da yaran nan suka kai baki, da ladanki a ciki.

Ba ki taɓa zuwa ba, bari in kwatanta miki. Ƙaramin asibitin kuɗi ne, gado goma sha biyu, ɗakin haihuwa ɗaya, ɗakin tiyata ɗaya. Nawa ɗakin yana ƙarshen baranda, bayan wurin wanki. A ciki akwai tukunyar tururi mai aiki da lantarki, tsayinta ya kai ƙuguna, murfinta da kunnuwa shida da ake ɗaurewa, a samansa agogo mai kibiya ɗaya da jan layi. Ni nake wanke almakashi da hantsaki da sauran ƙarafan tiyata, in naɗe su a koren ƙyalle, in manna salatif ɗin nan mai farin layi wanda yake komawa baƙi in tururi ya buge shi, in jera a tukunya. Wanda na gada, muna ce masa Tsohon Soja, Allah ya jiƙansa, ya bar takarda manne a bango da rubutun hannunsa: "Kunna. Minti 45. Kashe." Shekara shida ban taɓa rage minti ɗaya ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin mako bakwai, mata uku da aka yi wa tiyatar haihuwa ɗinkinsu ya yi ruwa. Biyu sun warke, ta ukun har yanzu tana zuwa wankin ciwo. Likita ta tara mu. Sista, babbar nas ɗinmu, ta ce daga ƙasan ɗakin tiyata ne, ba a goge shi yadda ya kamata. Mai gogewar ita ce Iya, dattijuwa, shekararta tara a nan, mijinta yana kwance shekara biyu ba ya tashi. Iya ta ce, "Likita, ni dai ban canza bokiti ba, ban canza hannu ba." Likita ta ce ta gode mata, amma ƙarshen watan nan za ta kawo wata.

Gwaggo, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tsumman Iya ƙasa yake taɓawa, amma duk abin da yake shiga cikin jikin mace, ta hannuna yake bi. Sai dai kullum salatif yana fitowa baƙi ƙirin.

Kin san halina, ke kika raɗa mini Akawu tun ina firamare. Ba wanda ya sa ni, amma kullum ina rubuta aikin tukunyar a littafina, har ranar da tsaka ta faɗo daga silin tana ciki. Na kwafo miki shafi biyu. Ga misali daga kowanne.

Na bara: Na kunna 8:00. Ƙunshi shida. Kibiya ta kai ja 8:14. Na kashe 8:45. Salatif baƙi.

Na makon jiya: Na kunna 8:00. Ƙunshi goma sha ɗaya. Kibiya ta kai ja 8:36. Na kashe 8:45. Salatif baƙi.

Na lura tukunyar ta yi nawa, amma tunda a ƙarshe kibiya tana kaiwa, na ɗauka tsufa ne irin namu. Na sa miki guntayen salatif uku a ambulan. Ke da kika yi shekara talatin a ɗakin tiyata, ki duba mini. In tsorona ne kawai na banza, ki faɗa mini, na saba.

Ɗanki,
Akawu


Alhamis, 10 ga wata

Akawu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. A kan cinya nake rubutun nan, a layin ganin likitan ƙashi, kuma direban da zai kawo maka yana tsaye a kaina kamar na ci masa wani abu.

Na karanta shafukanka biyu. Ka cire hannunka daga tukunyar nan tukuna. Ashe shekara shida ba a koya maka aikin ba. Gobe zan zauna in rubuto maka komai dalla-dalla.

Ka shafa mini kan mai giɓi.

Gwaggonka


Talata, 15 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Yara lafiya, mai giɓi ya ce shi ba giɓi ba ne, taga ce.

Takardarki ta zo ranar Asabar. Na karanta ta sau goma sha huɗu, na ƙirga. Na gode da ba ki ɓoye mini ba. Dama tun ranar da na fara aikin nan nake jin rigar ta fi ni girma. Mutumin da iyakarsa sakandare, wanda bai san komai ba sai auna yadi a kanti, me ya kai shi wurin da ake riƙe ran mutane? Ke kika tsaya mini, ni kuma na ba ki kunya. Ban san abin da hannuna yake yi ba daidai ba, ko wankin ne, ko naɗin, amma tunda kin ce in cire shi, na cire.

Sai dai yadda na cire ɗin ba abin alfahari ba ne. Jiya na naɗa filasta a yatsana na ce wuƙa ta yanke ni. Ƙarya ce, kuma haka na rubuta a littafina: "Yau na yi ƙarya." Likita ta mayar da ni teburin ba da kati, ta ce Sista ta riƙe tukunya har in warke.

Sista ta zo tana huci. "Yanzu ni ce zan koma dafa ƙarfe? To, malam mai littafi, yaya ake yi?"

Na nuna mata takardar Tsohon Soja.

Ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne aikin da kake shiga ka rufe ƙofa kamar mai haɗa jirgin sama?"

Na yi dariya tare da ita. Aƙalla yanzu kayan suna bi ta hannun wadda ta yi makarantar abin.

Na rubuta takardar barin aiki, tana cikin littafina. Ban miƙa ba, ina jiran bayaninki, don in san sunan laifin da zan faɗa.

Abin da ya fi damuna Iya ce. Yau da hantsi na wuce ta ƙofar ɗakin tiyata, na same ta a kan kujera, tana goge bayan babbar fitila da buroshin haƙori. Matar da ko tsugunno wahala yake ba ta. Na ce, "Iya, sauko kada ki faɗi."

Ta ce, "In na faɗi ai a asibiti na faɗi." Sai ta juyo ta dube ni. "Akawu, kai da kake rubuta komai, ka taɓa rubuta ranar da na bar ɗakin nan da datti?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "To ka gaya musu mana."

Na tsaya ina kallon filastar yatsana. Sai na wuce abina, Gwaggo. Saura kwana goma sha biyar wata ya ƙare.

Ɗanki,
Akawu


Laraba, 23 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na biya ta wurin direbobi, har sun fara ce mini ango mai jiran amarya. In fushi ne, na cancanta. In jiki ne, don Allah Auta ta rubuto mini ko layi ɗaya.

An samu ta huɗu. An yi mata aiki ranar 15, ranar Asabar zazzaɓi ya rufe ta, ɗinkin ya kumbura. Tana samun sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, jaririnta ma lafiya. Amma ki duba: kayan da aka yi mata aiki da su, ban taɓa su ba. Sista ce ta wanke, ta naɗe, ta dafa. Ɗakin kuwa Iya ta goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a ƙasa.

Ranar Lahadi da rana na shimfiɗa tabarma, na jera littattafaina na shekara shida. Uwar yara ta ce ko kasuwa zan buɗe. Na ja layi a takarda, na riƙa fitar da lokacin da kibiya take kai ja, wata bayan wata. Shekara biyar da 'yan watanni tana kaiwa cikin minti goma sha huɗu ko sha biyar. Wata huɗu da suka wuce ta koma ashirin da biyar, yanzu talatin da shida. A tsakanin nan ne aka ƙara gado huɗu, ƙunshin kaya ya kusa ninkawa. Sai wani tunani ya zo mini: in dahuwar gaskiya ba ta farawa sai kibiya ta kai ja, to da kayan suna samun rabin awa, yanzu minti tara suke samu.

Na rubuta haka, na soke, na sake rubutawa. Wane ni in ce takardar Tsohon Soja ta yi kuskure? Likita tana wucewa ta gabanta kullum. Sista ta karanta ta ba ta ce komai ba. Kuma salatif baƙi ne.

Duk da haka na saɓa miki. Ranar Litinin na cire filasta na koma ɗakina. Ina raba kayan gida biyu, kuma ba na fara duba agogo sai kibiya ta kai ja, sannan in ƙirga talatin. Na ce wa Sista wuta ce ba ta da ƙarfi, shi ya sa nake daɗewa. Ban gaya wa kowa gaskiya ba. In na faɗa kuma ya zama shirme, na zama abin dariya. In ya zama gaskiya, to ni na kwantar da mata huɗu.

Jiya matar da za ta maye gurbin Iya ta zo ganin wuri. Iya da kanta ta zagaya da ita, tana nuna mata inda ake ajiye bokiti. Saura kwana bakwai.

Ɗanki,
Akawu


Juma'a, 25 ga wata

Akawu,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba fushi ba ciwo. Mijin Auta ne ba shi da lafiya, don tun safe nake wanke shi ba sabulu. Doguwar wasiƙar da na yi maka alkawari na rubuta ta tun ranar 11, na ba shi ya kai wa direba. Da taka ta 15 ta zo, na ɗauka saɓani suka yi a hanya. Sai yau da na karanta ta 23 na sa aka zazzage motarsa. Tana cikin aljihun mota, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Mako biyu! Na yaga ta, ga sabuwa, kuma Auta ce za ta kai tasha da ƙafarta.

Da farko ka yafe mini. Na yi rubutun gaggawa a kan cinya, na bar ka da rabin magana, kuma wata baiwar Allah ta sha wahala a tsakani. Wannan kasona ne, ba naka ba. Amma kai ma, Akawu! Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Na ce ba a koya maka ba, ban ce ba ka iya ba. Da na ce ka cire hannu, tukunyar nake nufi a dakatar, ba a canza mata mai dafawa ba. Sau goma sha huɗu ka karanta, duk ka nemo inda aka zage ka.

Yanzu ka buɗe kunne, naka ai yana aiki. Abin da ka gano a kan tabarma shi ne daidai. Ana fara ƙirga ne daga lokacin da kibiya ta kai ja, ba daga kunnawa ba. Tsohon Sojanku bai yi ƙarya ba. A zamaninsa tukunya tana da ƙuruciya, kaya kaɗan ne, minti sha biyar na hawa da talatin na dahuwa, shi ne ya haɗa ya rubuta arba'in da biyar don sauƙi. Ya bar muku amsa, bai bar muku lissafin ba. Kiɗa ya canza, kuna nan kuna tsohuwar rawa.

Salatif kuma kada ya ruɗe ka. Aikinsa kawai ya shaida cewa ƙunshin ya shiga tukunya. Da tururi ya shafe shi zai yi baƙi, ko da cikin ƙunshin bai ji komai ba. Ɗanwake ma... a'a, bar misalin abinci, ka dai gane: baya ya dahu, ciki ɗanye.

Na sa maka 'yan siraran takardu guda goma da na karɓo wurin wata tsohuwar abokiyar aikina. Layin da ke jikinsu ba ya yin baƙi sai zafi da lokaci sun cika. Ka cusa ɗaya a tsakiyar ƙunshin da ya fi kowanne kauri. Ka gwada sau biyu da kayan da ba za a yi aiki da su ba: sau ɗaya yadda takardar bango ta ce, sau ɗaya yadda kake yi yanzu. Ka tabbata iska ta gama fita kafin ka rufe bakin tururi, kuma ka bar wurin shigar hannu tsakanin ƙunshi da ƙunshi. Sannan a kira mai gyara, tukunyar da ta koma minti talatin da shida ba kaya kaɗai ke damun ta ba.

Saura babbar magana. Gyaran ɓoye ba gyara ba ne. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, Sista za ta ɗaga kai ta bi takardar bango. Kuma akwai dattijuwar da take ɗauke da kayan da ba nata ba. Ka ɗauki takardun gwajin da littafinka ka shiga ofishin Likita. Na san ta tun tana koyon riƙe allura. Za ta yi faɗa, ta fi tukunyarka saurin kai ja, amma ba ta taɓa ganin gaskiya ta kau da kai ba.

Shekara talatin na yi, ban ga mutum biyar da za su rubuta lokacin kibiya ba tare da an sa su ba. Ka daina raina ɗana a gabana.

Gwaggonka


Lahadi, 4 ga sabon wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, na gaishe da gwiwa, na gaishe da Auta mai ƙafar alheri. Mijinta kuma ki sassauta masa haka nan, ya ji jiki. Mu nan kowa lafiya. Uwar yara ta ce tun da wasiƙarki ta zo na koma cin abinci kamar mutum.

Zan ba ki labari bi da bi, yadda yake a littafi.

Wasiƙarki ta iso Litinin da la'asar, 28 ga wata. Talata na riga kowa zuwa. Na haɗa ƙunshi goma sha ɗaya da tsofaffin ƙyallaye da ƙarafan da aka daina aiki da su, na cusa takardarki a tsakiyar mai kaurin, na bi Tsohon Soja: kunna, arba'in da biyar, kashe. Salatif ya fito baƙi. Na warware ƙunshin, layin takardarki yana nan fari-fari, ko rabi bai juya ba. Sai da na zauna a kan bokiti. Na sake da ƙunshi shida, talatin daga ja. Wannan karon layin ya fito baƙi daga farko har ƙarshe.

Ƙarfe goma sha biyu saura na tsaya a ƙofar ofishin Likita. Sau biyu na ɗaga hannu ina saukewa. Sista ta zo wucewa ta ce, "In ƙofar kake wa addu'a, ta ji, shiga." Ita ta ƙwanƙwasa mini.

Na ajiye takardun biyu a tebur, da littafi, da jadawalin da na ja a kan tabarma. Abin da na shirya faɗa duk ya gudu, sai na ce, "Ranki ya daɗe, ba Iya ba ce."

A tsaye ta karanta. Ta bi layin lokutan da yatsa har ƙasa, ta koma sama ta sake bi. Sannan ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce na yi zato tun ranar 20.

"Kwana tara." Ta cire tabarau. "Shekara shida ba laifinka ba ne, abin da aka nuna maka ka bi. Amma kwana tara kana kallona ina shirin korar tsohuwa, kana gyara a ɓoye kamar mai satar wuta? In da ka faɗi a hanya fa? In da an yi maka rasuwa ka yi tafiya?"

Kin yi gaskiya, ta kai ja nan take. Na ƙirga a zuci, faɗan bai wuce minti huɗu ba. Na ciro takardar barin aiki na miƙa. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta ɗauki biro ta fara rubuta abubuwan da za a yi. Ta ce, "Takarda tana tsada, ba a ɓarnar ta."

Daga nan ta wuce gaba ina bin ta har ɗakina. Ta tsaya gaban takardar Tsohon Soja ta daɗe. Ta ce, "Ni na ba shi salatif ɗin da ya manna ta. Shekara goma sha ɗaya ina wucewa ban taɓa tambaya ba. Asibitin nawa ne, laifin ma nawa ne." Ta ɓamɓare ta a hankali, ba ta yaga ba. Na roƙe ta ta bar mini, ta ba ni.

A ranar ta ɗage duk tiyatar da za ta iya jira, masu gaggawa kuma aka riƙa tura su babban asibiti har kwana uku. Mai gyara ya zo ya buɗe gindin tukunya, ashe cikin ƙarafa biyu masu zafafa ruwa ɗaya ya mutu tuntuni. An canza. Yanzu kibiya tana kai ja cikin minti goma sha uku. Likita ta kira matan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta gaya musu abin da ya faru da bakinta. Mijin ta ukun ya ɗaga murya har baranda, ta tsaya ta saurare shi har ya gama. An yi odar irin takardunki, kowace dahuwa da tata. An manna sabuwar doka a bango, ni na rubuta, Likita ta sa hannu. Littafin tukunya kuma ya zama na asibiti, da gurbin sa hannun mutum biyu. Sista ce ta biyun. Ta ce, "Yau ga ni ina yi wa mai haɗa jirgin sama akawu." Amma ta sa, kuma na ga tana duba lokacin kafin ta sa.

Laraba, ranar ƙarshen wata, Iya ta zo da jakar da za ta kwashe kayanta. Likita ta tara mu a baranda, mu goma sha ɗaya. Ta ce, "Iya, a gaban mutanen nan na ɗora miki laifi, a gabansu nake saukewa. Ki yafe mini." Sista ma ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ba da haƙuri. Iya ta dube su, ta dubi jakarta, ta ce, "To. Bari in mayar da silifas ɗina inda yake." Matar da aka kawo ma ba a sallame ta ba, an ba ta ɗakunan kwanciya, don dama aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Ni ban samu sauƙi haka ba. Da yamma na same ta a wurin wanki, na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ranar da na hau kujera da buroshi, ka sani?"

Na ce a ranar ban sani ba, amma bayan kwana biyar na sani.

"Ka gan ni ina nuna wa wata inda nake ajiye bokitina."

Na ce na gani.

Ta ci gaba da matse tsumma. Can ta ce, "Tsohona yana kwance, kullum sai ya tambaye ni ya aiki, in ce lafiya. Mako uku ina yi masa ƙarya, ni da ban saba ba." Sai ta turo mini bokitin da ƙafa. "Ɗauki, kai mini bakin famfo. Littafinka ya fi ka baki, Akawu. Don shi na yafe."

Na ɗauka. Ban taɓa sanin nauyinsa ya kai haka ba.

Gwaggo, ban san da wane baki zan gode miki ba. Sau biyu ke nan kina buɗe mini ƙofa ɗaya. Na sa miki takardar gwaji ta biyu, mai baƙin layi, ki ajiye. Ta farkon, mai fari-fari, na manna ta a shafin farko na sabon littafi, kusa da rubutun Tsohon Soja, inda zan riƙa ganin su kullum kafin in kunna.

Har yanzu in na kashe tukunya sai na koma na duba ko na kashe. Wannan hali ba na jin zai bar ni. Amma na samu mai duba ni. Kowace safiya Iya tana zuwa da tsummanta daidai ƙofata, ta tsaya, ta leƙo.

"Akawu, ta kai ja?"

In ce, "Ta kai, Iya."

Ta ce, "To yanzu ka fara ƙirga."

Ɗanki,
Akawu